Mustang 1966 ko Charger 1968: wacce ta dace da sabon hannu?

Duk biyun tsofaffin motocin Amurka ne da ake saya a gyara, kuma gangar jikinsu haɗe take da shasi, saboda haka tsatsa ce babbar matsala, ba inji ba.

Ford Mustang ta fi sauƙin sha'ani. An sayar da fiye da miliyan ɗaya cikin shekara biyun farko, har yau ana ƙera kusan kowane ƙarfenta sabo. Kafin ka biya kuɗi, zuba ruwa a ragar da ke gindin gilashin gaba, ka leƙa ƙarƙashin sitiyari. In ya ɗigo ciki, wurin ya ruɓe, kuma aikin walda ne mai cin rai. Kada ka sayi mai silinda 6 da niyyar dasa injin V8 289 (mai silinda 8, 289 kuma girman injin ne): tayarta noti 4 ce, ta V8 kuwa 5, sai ka sauya birki da gadar baya. Birkin 1966 layi ɗaya ne, bututu ɗaya ya fashe, birki ya tafi gaba ɗaya. Mai da shi layi biyu irin na 1967.

Dodge Charger ta fi kwarjini, amma tsadarta da ta kayanta sai mai hali. Tsatsa kan ci gefen gilashin baya da ƙasan but. Notin tayoyin hagu kuma a juye ake kwance su, ta hannun dama. Wanda bai sani ba sai ya yi ta ɗaurewa har ya karya ƙusar.

Sabon hannu dai, Mustang mai 289 wadda ke tashi da kanta.