Shingen roba ko na kankare, tabarmar roba ko farantin ƙarfe: amsa ga mai aikin magudana

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce ka samu kwangilar gina magudanar ruwa a gefen wani titi cikin Kano, aikin wata uku ne kuma zai shiga damina. Kana tambaya ko ka sayi shingen roba irin wanda ake ɗura wa ruwa ko ka zuba na kankare, sannan wani mai kaya ya tallata maka tabarmar roba da ake shimfiɗa wa manyan motoci, ya ce da ita ba ka buƙatar farantin ƙarfe. Allah Ya sanya albarka a aikin. Ga yadda nake ganin kowanne a gefen ɗan'uwansa.

Shingen kankare mai faɗin gindi da siririn kai, wanda ake gani a manyan ayyukan titi, daga jihar New Jersey ta Amurka siffarsa ta fito a shekarun 1950. Tsayinsa wajen santimita 80, kuma mai tsawon mita 3 yana kusan tan 2. Gangaren da ke gindinsa ba ado ba ne: idan mota ta goge shi, taya ce take ɗan hawa, sai ya mayar da ita kan hanya. To amma nauyin da ya sa yake tare mota shi ne zai riƙa cin kuɗinka. Ba ya motsi sai da motar ɗaga kaya, tirela mai ɗaukar tan 20 kuwa guda goma kacal za ta kawo maka, wato shingen mita 30. Aikin magudana kuma tafiya yake yi. Yau kuna bakin wannan shago, nan da mako kun wuce masallaci, kowane matsi sai ka sake biyan hayar mota.

Na roba a nan ya yi wa na kankare fintinkau. Mai tsawon mita 2, in babu ruwa a ciki, leburori biyu sun ɗauke shi ba nishi. Ka jera, ka sarƙafa kunnen wannan da na wancan, ka ɗura ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka wanda ya sha lita 300 ya ƙara kilo 300, jarka goma sha biyu ke nan ta masu garuwa. Yi lissafin guda 50: lita 15,000, sai dai tanka. Daga nan ake fara ha'inci a wuraren aiki. Ana ƙyashin kuɗin ruwa, sai a jera su wayam. Iskar hadarin farkon damina kuma ba ta san wannan ba, da safe za ka tarar da rabinsu a tsakiyar titi. Ko babu iska, ɗan adaidaita sahu zai sa ƙafa ya ture guda ya buɗe wa kansa hanya, sauran su biyo bayansa.

Ko da an cika shi maƙil, ka san abin da ka saya. Yawancin shingen roba da ke kasuwa aikinsa nuna hanya ne: ja da fari, direba ya hango daga nesa, mai tafiya a ƙasa ya san inda zai bi. Motar da ta ƙwace da gudu za ta tafi da shi har cikin ramin da yaranka suke. Akwai waɗanda aka ƙera da ƙarfe ko waya a jikinsu, aka gwada su da karon mota bisa ƙa'idar EN 1317 ta Turai ko MASH ta Amurka, amma su ma sukan ja baya mitoci kafin motar ta tsaya, don haka sai an bar fili a bayansu. Duk mai kayan da ya ce maka nasa yana tare mota, ka ce ya kawo takardar gwajin.

Ni da a ce aikina ne, raba su zan yi. Inda titin yake na cikin unguwa, ababen hawa suna tafiyar hawainiya saboda cunkoso, roba ta wadatar. Inda motoci suke sakin gudu, musamman da dare, ko inda ramin ya yi zurfi, nan zan yi hayar na kankare 'yan kaɗan. Kada kuma a bar kan na kankare yana fuskantar motoci kai tsaye, domin mai karo da shi ta nan kamar ya daki katanga ne. A karkata farkon jerin zuwa gefe, a sa na roba masu ruwa a gabansa, da ƙyallen da ke haskawa idan fitila ta dalle shi.

Wajen saye, ranarmu ce abokiyar gabar roba. Ka tambaya ko an haɗa robar da maganin zafin rana. Idan na hannu za ka saya, ka duba launin: wanda jansa ya koɗe ya yi fari-fari, ka danna da babban yatsa kusa da bakin ɗura ruwa, za ka ji ya bushe, wani har ya yi ƙas. Ka leƙa toshiyar ƙasa, nan suke fara yoyo. Murfi kuma dole ne, in ba haka ba ka buɗe wa sauro gidan haya a ƙofar mutane. Wasu suna zuba yashi a maimakon ruwa. Ya fi nauyi, gaskiya, amma ranar kwashewa za ka gane kurenka.

Sai batun tabarma, kuma a nan mai kayan nan bai gaya maka daidai ba. Wadda aka fi sani faɗinta mita 1.2, tsawonta 2.4, kaurinta bai wuce na yatsa ba, nauyinta wajen kilo 40. Abin da take yi shi ne raba nauyin taya a kan fili mai faɗi don kada ta nutse ko ta yi kwari. Tana lanƙwasa ta bi ƙasar da ke ƙarƙashinta. Wannan adadin tan-tan da ake rubutawa a takardar talla, a kan ƙasa mai tauri aka auna shi. Ɗora ta a bakin rami, tifa ta hau, tare za su faɗa.

Farantin ƙarfe mai wannan girman, in kaurinsa milimita 25 ne, ya haura kilo 550. Shi ne na ɗorawa a kan rami don masu gidaje da shaguna su samu shiga da motocinsu kafin ka zuba silab, da sharaɗin ya hau ƙasa mai ƙwari sosai ta kowane gefe kuma an tokare bangon ramin. Aibinsa nauyi, santsi idan ya jiƙe, ƙara cikin dare, ga 'yan gwangwan da ba sa ganin ƙarfe su ƙyale. Kuɗin maigadi yana cikin kuɗin faranti.

Inda tabarmar za ta biya ka shi ne wurin da tifa take juyawa ta sauke yashi da tsakuwa, ko inda za ku bi ta kan intalok ɗin wani. Bayan ruwan Agusta wurin nan taɓo zai koma, kuma janyo tifar da ta kafe yakan cinye yini guda. Zuba burji ya fi araha a ranar farko, sai dai ba ka ɗaukarsa zuwa wani aikin, wani lokaci ma sai ka biya a kwashe. Katako mai fale-fale kuwa damina ɗaya ba ya kaiwa. Tabarmar roba ba ta shan ruwa, a wanke a ɗora a mota. Abu biyu kawai: a haɗa su da maƙalansu don kada taya ta watsa su, kuma kada katafila mai sarƙar ƙarfe ta yi juyi a kai, yayyaga ta za ta yi.

Tunda aikin wata uku ne, ka sayi shingen roba da tabarma, domin za su bi ka zuwa kwangila ta gaba. Kankare da faranti ka yi haya. Kafin ka tare ko da rabin titi ne, ka sanar da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, da mai unguwa, kuma ka turo mana faɗin ramin da zurfinsa don a ga kaurin farantin da zai ɗauka.