Littattafan Narnia: tsarin fitowarsu ko lambar da ke jikin bango?

Malama, tun da littattafan Narnia guda bakwai na C. S. Lewis za ki saya wa yaran, shawarata ita ce ki bi tsarin da aka wallafa su, ki ƙyale lambobin da ke jikin bango, masu bin zamanin labarin. Ki fara da The Lion, the Witch and the Wardrobe na 1950, sai Prince Caspian, The Voyage of the Dawn Treader, The Silver Chair, The Horse and His Boy, The Magician's Nephew na 1955, sannan ki rufe da The Last Battle na 1956.

Da wannan tsarin na karanta wa 'yata tana shekara tara, kullum bayan isha'i, ina yi ina fassara mata inda Turancin ya yi mata nauyi. Daren da Lucy, ɗaya daga cikin yaran littafin farko, ta ratsa ta cikin kabad ɗin tufafi ta tarar da fitilar titi tana ci a tsakiyar daji cikin dusar ƙanƙara, 'yata ta tashi zaune ta ce, "Mama, wa ya kafa fitila a daji?" Na ƙi faɗa mata. Tambayar nan ta yi watanni a ranta har muka kai littafi na shida, inda aka bayyana asalin fitilar, da bishiyar da aka sassaƙa kabad ɗin da ita, da ko wane ne tsohon farfesan nan mai gidan da kabad ɗin yake, tun yana yaro. Farin cikin da na gani a fuskarta ranar, wanda ya fara da wancan littafin ba zai taɓa samunsa ba, domin an ba shi amsa tun bai yi tambaya ba.

Ɗaya tsarin, mai bin zamanin labarin, wanda ya fara da The Magician's Nephew, shi kamfanin HarperCollins ya ɗora wa lambobi tun 1994, kuma Lewis kansa ya ɗan karkata gare shi a wasiƙar da ya rubuta wa wani yaro Ba'amurke a 1957. Ba laifi ga mai maimaita karatu.

Ki kuma kula da masu sayar da bugun jabu. Na taɓa sayen saiti a naɗe cikin leda, sai da na koma gida na tarar littafi ɗaya ya zo sau biyu, wani kuma an tsallake shafuka kusan ashirin a tsakiyarsa, mai shagon kuwa ya ƙi karɓa. Ki sa a buɗe ledar a gabanki, ki ƙirga sunaye bakwai daban-daban, ki duba lambobin shafuka kafin kuɗi su bar hannunki.