Kafin a Ba da Gari Don Tauraro: Yadda Ake Auna Musayar 'Yan Wasa a NHL

A ƙwallon ƙafa, mai kuɗi ne ke ɗauke gwani. A NHL, babbar gasar hoki ta kan ƙanƙara ta Amurka da Kanada, an rufe wannan ƙofar tun 2005. A 1988 Los Angeles ta haɗa da dala miliyan 15 a cinikin Wayne Gretzky daga Edmonton. Yau doka ta hana saka tsabar kuɗi a musaya. Abu uku ake biya da su: 'yan wasa, guraben zaɓen matasa (damar ɗaukar sabbin 'yan wasa a zaɓen da gasar ke yi duk shekara, zagaye-zagaye), da fili a ƙarƙashin iyakar albashi, wato jimillar da ƙungiya ba za ta wuce ba wajen biyan 'yan wasanta a kaka ɗaya. Iyakar nan ta fara da dala miliyan 39, ta kai miliyan 95.5 a kakar 2025-26, kuma a cikinta za a biya 'yan wasa har 23. Duk tauraron da ya ci miliyan 10, wasu biyu ko uku ne suka rasa wurin zama.

Taurarin da ake saye iri uku ne. Na farko, mafi arha a ido, shi ne ɗan haya: gwanin da kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen kaka, a ɗauko shi kafin a rufe kasuwa a farkon Maris. Wasa ashirin ko ƙasa da haka ake saye, sai wasannin neman kofi. Ran 1 ga Yuli yana da 'yancin tafiya inda ya so. Pittsburgh ta ɗauko Marian Hossa a 2008, ta kai wasan ƙarshe, Detroit ta doke ta, sannan Hossa ya tattara ya koma Detroit ɗin. Haya ta dace ne da ƙungiyar da mutum ɗaya ya rage mata ta ɗaga Kofin Stanley, kofin zakarun gasar. Wadda ke fafutukar shiga sahu kawai, asara take saye.

Na biyu, tauraron da ke ɗauke da dogon kwantiragi. A nan ba a fargabar gudu, ana fargabar jiki. Jack Eichel na da albashin miliyan 10 a shekara da ciwon wuya sa'ad da Vegas ta karɓe shi daga Buffalo a Nuwamban 2021, ta ba da Alex Tuch, Peyton Krebs da guraben zaɓe biyu. Vegas ta amince da tiyatar da Buffalo ta ƙi, ta rasa shiga wasannin kofi a 2022, ta ɗauki kofin a 2023. Wanda ya yanke hukunci bayan wata shida da ya ce an yi wauta. A irin wannan ciniki, rahoton likita ya fi jadawalin maki muhimmanci. A kuma nemi mai sayarwa ya riƙe wani kaso na albashin. Doka ta yarda har rabi, sai dai kowace dala da ya riƙe sai ya karɓi ladanta a guraben zaɓe.

Na uku, wanda a ganina ya fi kowanne: matashin da zai sa hannu a sabon kwantiragi a ranar cinikin. A Yulin 2022 Florida ta ba Calgary Jonathan Huberdeau, MacKenzie Weegar, Cole Schwindt da gurbin zagayen farko don Matthew Tkachuk. Huberdeau ya fito daga kakar maki 115 (ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci), don haka da yawa suka ce Florida ta biya fiye da kima. Amma a duba shekaru. Tkachuk na da 24, ya sa hannu na shekara 8 kan miliyan 9.5 kowace shekara, wato Florida ta sayi ganiyarsa ɗungurungum. Huberdeau na da 29, Calgary ta ba shi shekara 8 kan miliyan 10.5, ta sayi gangarowarsa da tsada. Kaka mai zuwa makinsa ya faɗo 55. Florida kuwa ta kai wasan ƙarshe a 2023, ta ɗaga kofi a 2024 da 2025.

Maki 115 ɗin nan na koyar da wani abu. Kafin a yarda da lambar ɗan wasa, a raba ta biyu: nawa ya samu ana biyar da biyar, nawa ya samu lokacin da alƙalin wasa ya fitar da ɗan adawa na minti biyu? Su wa ke layinsa, wato abokan da suke kai hari tare? Abokan layi da tsarin koci ba sa shiga jirgi tare da shi. A ɗauki matsakaicin kaka uku, kada a dogara da mafi kyawu.

Inda masu saye suka fi ƙonewa shi ne gurbin zaɓe. Gurbi na 28 da na 2 duk sunansu zagayen farko, amma tsakaninsu akwai sama da ƙasa, kuma ba a sanin wanne aka bayar sai kaka ta ƙare, domin ƙungiyoyin da suka ƙare a ƙasa su ne ke fara zaɓe. Toronto ta ba Boston gurabe biyu na zagayen farko da ɗaya na zagaye na biyu don Phil Kessel a 2009, tana zaton ta gyaru. Ta ƙare ta biyun ƙarshe. Boston ta zaɓi Tyler Seguin a matsayi na 2 a 2010, da Dougie Hamilton a na 9 a 2011. San Jose ta maimaita kuskuren a cinikin Erik Karlsson na 2018: ƙungiyar ta rushe, Ottawa ta yi amfani da gurbin da San Jose ta ba ta, ta ɗauki Tim Stützle a matsayi na 3 a 2020. Maganin sharaɗi ne a rubuce: idan gurbin ya faɗa cikin goma na farko, ya zauna a gida, a ba da na shekara mai zuwa. Mai sayarwa zai nemi ƙari kafin ya yarda, wataƙila gurbin zagaye na biyu ko wani matashi. A ba shi.