Gargaɗi ga masu ba da aikin zanen tambari da sitika a Sakkwato

Ina aiki a wata maɗaba'a a cikin garin Sakkwato, kuma a 'yan watannin nan an sha kawo mana zanen da ba ya buguwa, alhali masu shi sun riga sun biya kuɗinsa. Yawancinsu mata ne masu sana'ar turare, yaji ko kilishi daga gida, kuma labarinsu kusan ɗaya ne.

Mai damfarar yakan tallata kansa a Facebook ko Instagram da hotunan ayyukan da ba shi ya yi su ba, ya karya farashi, sannan ya ce wa mai aiki, “Hajiya, kada ki wahalar da kanki da rubutu, ki turo mini saƙon murya kawai.” Da zarar kuɗin kafin alƙalami sun shiga, sai ya ɗauko shiryayyen zane a manhajar zane ta Canva ko tambarin wani kamfani na ƙasar waje, ya canza suna, ya aiko da ɗan ƙaramin hoto. Idan an nemi gyara ya ce a ƙaro kuɗi, idan an nemi fayil na asali, wato wanda ake iya gyarawa da faɗaɗawa, ya ce wannan ciniki ne daban, idan kuwa an matsa masa sai ya toshe lamba. Wata baiwar Allah daga Mabera ta kawo mana irin wannan hoto domin a buga mata allon gaban shago, amma da muka faɗaɗa shi sai rubutun ya farfashe har sunan sana'arta bai karantuwa, kuma babu wata rubutacciyar magana da za ta kama shi da ita.

Ƙin rubutun nan shi ne tarkon, domin mai zane na gaskiya shi da kansa yake neman a rubuta masa bayanin aiki. Kafin ku tura ko sisi, ku rubuta abin da kuke sayarwa da irin mutanen da kuke son su saya, da inda za a yi amfani da zanen, da girmansa a lamba, tunda takardar A4 milimita 210 ce a faɗi da 297 a tsawo, ita kuwa sitikar kwalba sai an auna kwalbar. Ku rubuta cewa aikin bugu ne, a haɗa launinsa da CMYK, wato tsarin launin injin bugu, da ingancin hoto na ɗigo 300 a kowane inci, saboda launin RGB da ke haskawa a fuskar waya yakan dusashe a kan takarda. Ku rubuta kalmomin da za su fito harafi da harafi. Mun sha ganin an mayar da ƙ, ɗ da ɓ zuwa k, d da b don salon harafin da aka zaɓa ba shi da su, haka kuma rubutun Larabci yakan fito a rarrabe a hannun wanda bai iya ba. Sai a ƙara da ranar kammalawa, da adadin gyaran da kuɗin suka ƙunsa, da sharaɗin cewa ba za a biya cikon ba sai an miƙa fayil na asali na manhajar zane ta CorelDRAW ko Adobe Illustrator tare da PDF, a turo su a matsayin fayil, domin WhatsApp yana rage ingancin hoton da aka tura kai tsaye.

Batun mallaka ma ya shiga takardar. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, miƙa haƙƙin zane ga wani sai da rubutu, don haka biyan kuɗi kaɗai bai isa ba. Canva kuma ta bayyana cewa ba za a iya yi wa tambarin da aka ɗauko daga shiryayyun zanenta rajistar alamar kasuwanci.

Duk samfurin da aka nuna muku, ku sa shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, ku ga ko yana da mai shi a wani wuri. Wanda aka riga aka cuta ya adana shaidar tura kuɗi da hotunan hirar, ya sanar da bankinsa ba tare da jinkiri ba, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Sakkwato.