Ƙunshin azumi na ɗaliban sakandare a Sakkwato: ya cancanci ka ba su kuɗinka?

Saura sati uku ko huɗu a kama azumi za ka fara ganin su, 'yan aji huɗu da aji biyar na sakandare, riƙe da kati mai hatimin makaranta, suna neman gudummawar ƙunshin azumi. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Kai ka ba da kuɗi ko hatsi, su kuma su shiga kasuwa su sayo kaya, su ƙulla, su kai wa marayu da matan da mazansu suka rasu da masu jinya a asibiti, daga baya su kawo maka bayanin inda kuɗinka ya shiga. Wannan sharhi a kan ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ne, ta wata makarantar jeka-ka-dawo da ke cikin garin Sakkwato. A ganina aikinsu ya cancanci a sa masa hannu, domin sun iya riƙon amana kuma sun iya sayayya. Rauninsu yana wajen zaɓen waɗanda za a ba, da lokacin rabo, da kuma batun hoto.

Ƙungiyoyin agaji na ɗalibai ba baƙi ba ne a makarantunmu. Akwai rassan Red Cross, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN wadda aka kafa tun 1954, akwai Interact da ke ƙarƙashin Rotary mai ɗaukar 'yan shekara 12 zuwa 18. Wannan da nake magana a kai ba reshen kowa ba ce. Makaranta ce ta kafa ta, da malami ɗaya da malama ɗaya a matsayin iyayen ƙungiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke karɓar kuɗi. Kowane kati yana da lamba, kuma an rubuta sunan ɗalibin da ya karɓe shi a babban littafin ƙungiya. Wanda ya ba da gudummawa shi zai rubuta adadin da hannunsa, da lamba da kuma kalmomi, ya sa hannu, sannan a yanko masa rasit mai kwafi. Wannan rubutu da kalmomi ba ƙaramin abu ba ne, domin goge sifili ɗaya daga 5,000 aikin daƙiƙa ne, amma "dubu biyar" ba ta gogewa cikin sauƙi. Duk ranar Alhamis ake mayar da katunan, a ƙidaya kuɗin a gaban ma'aji da malama, kada kuɗi su kwana a jakar yaro har ƙarshen mako. Katin da ya ɓace kuma ana shelanta lambarsa a taron safe don kada wani ya tsince shi ya ci gaba da karɓa.

Masu turo kuɗi ta waya suna turawa ne cikin asusun da ke ɗauke da sunan ƙungiya, mai sa hannun mutum biyu. Duk ƙungiyar da ta ba ka lambar asusun wani ɗalibi ko na yayansa, ka ja da baya, ko da yaron na kirki ne. Irin asusun matakin farko da ake buɗewa a waya ba ya riƙe fiye da naira 300,000, saboda haka ana tsakiyar tarawa sai kuɗi su fara komawa ga masu turowa. Ga kuma cakuɗuwar kuɗin sadaka da kuɗin katin waya. Wani ƙaramin abu da wannan ƙungiya ta lura da shi, wanda da yawa ke mantawa, shi ne naira 50 da ake cira a kan duk turawar da ta kai naira 10,000, da ladan mai POS idan an je cirar tsaba. Suna da shafi na musamman da suke rubuta waɗannan, shi ya sa lissafinsu ke daidaita a ƙarshe ba tare da an fara kallon juna ba.

Banda kati, suna sayar da zoɓo da kunun aya a ranar wasannin makaranta da ranar taron iyaye da malamai. Zoɓon yana kawo riba. Kunun ayar kuwa asara ya fi jawowa, domin a zafin Sakkwato, inda rana ke wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kunun aya da aka haɗa da safe ba ya kai la'asar sai ya yi tsami in ƙanƙara ta narke, ga ƙanƙarar kanta tana tsada a daidai lokacin. Wankin mota ma haka yake: in ruwan daga 'yan garuwa za a saya, rabin abin da aka samu ya tafi a ruwa da sabulu. Ba ya biya sai a gidan da ke da rijiyar burtsatse kuma maigidan ya ba da ruwan kyauta. Abin da ya fi kawo musu kuɗi na gaske shi ne tsofaffin ɗalibai, ta zauren WhatsApp na kowane aji da ya gama.

Na yaba da cewa ba sa tura yara tsayawa a mahaɗar titi da kwali. Haɗari ne, kuma bara ce ko da an saka mata rigar makaranta.

Wajen sayayya nan ne za ka gane akwai babba mai hankali a bayansu. Suna sayen buhu ne, ba awo ba, a Tsohuwar Kasuwa ko Kasuwar Daji, bayan ɗalibai uku sun zagaya sun rubuto farashin aƙalla 'yan kasuwa uku. Kuma suna saye kafin a ga wata, domin sukari da gero da dabino duk suna tashi da zarar azumi ya ƙarato. Ƙunshin gida ɗaya ya ƙunshi shinkafa kilo 2 da rabi, gero kwano ɗaya, wake rabin kwano, sukari kilo 1, man gyaɗa gora ɗaya, sai tsamiya da ɗan dabino. Lissafin a takarda yana da kyau: buhun shinkafa mai kilo 50 zai ba da ƙunshi 20, jarkar mai ta lita 25 za ta cika gora 33 masu cin kashi uku cikin huɗu na lita. A zahiri ba haka yake fitowa ba. Wani buhun bai cika ba tun daga kasuwa, wani ya zube wajen ƙulli, yaro mai tausayi kuma yakan tula awo. Saboda haka suna lissafa 19 a kowane buhu, kuma suna ɗora buhu a kan sikeli a gaban mai kaya kafin su biya. Da sikelin suke ƙullin shinkafa da sukari, ba da kwano ba, don kada ƙunshin farko ya yi nauyi na ƙarshe ya zama rabi.

Zaɓen kayan ma ya nuna sun san gidan talaka. Gero da tsamiya da sukari kunu ne na buɗa-baki, wake kuma ƙosai. Ba su cusa taliya da kayan gwangwani don ƙunshi ya yi kyau a ido ba.

Sai dai wake ya kan ba su matsala, kuma ya kamata duk mai irin wannan aiki ya kula. Idan aka saya da wuri aka ajiye a ɗakin ajiyar makaranta cikin buhu na yau da kullum, ƙwari kan huda shi cikin 'yan makonni, musamman da zafi. Maganin shi ne buhu mai riɓi uku irin na PICS, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi daban, a ɗora kan katako nesa da bango. Kada a kuskura a zuba masa maganin ƙwari. Wajen saye ma a damƙo daga tsakiyar buhu a shinshina. Waken da ke warin magani, ko wanda aka ga matattun ƙwari birjik a gindin buhunsa, a bar wa mai shi, domin wanda za a kai wa ba shi da halin ajiye shi ya sha iska, a ranar zai dafa wa yara. Gero kuma a duba yashi da tsakuwa, shinkafar gida a tambaya ko an cire mata tsakuwa da inji.

Man gyaɗa shi ne ɗaya abin da ke ɓata musu aiki. Suna ɗura shi a gorunan ruwa da aka wanke, abin da ba laifi ba ne in goran ya bushe sarai, amma murfin da aka taɓa buɗewa ba ya riƙe mai idan aka kwantar da shi. A rabon da ya gabata an samu ƙunshin da mai ya jiƙa sukari tun a cikin Keke Napep. Gyaran ba shi da tsada: a sa 'yar leda a bakin gora kafin a murɗa murfi, a jera gorunan a tsaye cikin kwali daban, a miƙa wa mutum a hannu lokacin da ake ba shi ƙunshinsa. Haka sabulu da omo da suke haɗawa a ƙunshin asibiti, kada su kwana leda ɗaya da sukari ko dabino, domin ƙanshin yana kama abinci.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi na gaske. Sunayen waɗanda za a ba, ɗalibai ne ke kawowa daga unguwanninsu. Niyyar mai kyau ce, amma yaro ɗan shekara 16 bai san gidan da ake kwana da yunwa a rufe ba, wanda ya sani shi ne wanda ke fitowa ya roƙa. Sakamakon haka unguwar da ke da ɗalibai da yawa a ƙungiya, ko Mabera ce ko Arkilla, ita ke kwashe kaso mafi tsoka, wani gida kuma ya samu biyu saboda an rubuta uwa da sunanta an kuma rubuta ta da sunan ɗanta. Ya kamata jerin sunayen ya bi ta hannun mai unguwa da liman, da kuma wata dattijuwa a kowace unguwa, domin mata sun fi sanin tukunyar da ba a ɗora ba. Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da waƙafi mai kwamitoci a gundumomi, kuma babu abin da zai hana iyayen ƙungiya su nemi shawararsu don kada a yi ta maimaita gida ɗaya.

Lokacin rabo ma ya yi latti. Kayan da aka saya kafin ganin wata ba su isa hannun mutane ba sai da azumi ya kusa rabi, saboda a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a zango na biyu, ga jarrabawar ƙarshen zango, ga 'yan aji shida da hankalinsu ya koma kan JAMB da WAEC. Wanda ba shi da abin buɗa-baki tun daren farko yake buƙata. Da za su miƙa ragamar aikin ga 'yan aji biyar, su gama ƙulli a Asabar ɗin ƙarshe ta Sha'aban, su raba da sanyin safiya kafin ƙarfe 10, da an huta, yaran ma ba za su yi ta ɗaukar kaya da ƙishirwar azumi a tsakar rana ba.

Ziyarar asibiti kuwa sun yi ta yadda ya dace. Sun rubuta wasiƙa ga hukumar asibiti tun da wuri, sun shiga ɗaki-ɗaki mutum biyar biyar tare da ma'aikaciyar jinya, kuma ba su ba majinyaci abinci kai tsaye ba sai ta hannun mai jinyarsa, domin akwai mai ciwon sukari, akwai wanda za a yi wa tiyata da aka hana ci. Duk ƙungiyar da ke son zuwa Asibitin Ƙwararru, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko asibitin yara na cutar Noma (cutar da ke cinye naman baki da fuska), wannan ce hanya, kuma a tambayi ma'aikata abin da ake buƙata kafin a saya. Sau da yawa sabulu da bokiti da tabarmar mai jinya sun fi lemon kwalba amfani. An kuma hana yaran shiga sahun ba da jini, kuma daidai ne, domin sai mutum ya kai shekara 18 da nauyin kilo 50.

Batun hoto ne ya fi damuna. Masu ba da kuɗi suna son shaida, wannan gaskiya ne, amma tsayar da Baba ko Inna riƙe da leda a ƙofar gida a ɗauke su a watsa a Facebook cin fuska ne, ko da an ce musu "Inna, a ɗan yi murmushi". Mutumin da ke karɓar abinci ba shi da bakin cewa a'a. Shaidar da ta wadatar ita ce hoton kaya a jere kafin rabo, da rasit ɗin kasuwa, da takardar da mai unguwa ya sa wa hannu cewa ƙunshi kaza ya shigo unguwarsa. Hoton majinyaci, musamman yaro, bai kamata ma a kawo maganarsa ba.

Rahotonsu na ƙarshe shafi ɗaya ne, an liƙa a allon sanarwa an kuma tura wa duk wanda ya bar lambar waya: abin da ya shigo, abin da aka saya da farashinsa, kuɗin mota da leda, da abin da ya rage. Ragowar ba a saya wa 'yan ƙungiya riguna da ita ba, iyaye ne suka biya kuɗin rigunan. Wanda ke son ba su zakkar fidda-kai ya faɗa musu a fili, domin ita hatsi ce mai awo sananne, sa'i ɗaya ga kowane mutum, kuma tana da lokacinta dab da sallah, ba a cakuɗa ta da kuɗin leda da na mota. A halin yanzu ba su da shafi daban na wannan, saboda haka gara ka fitar da ita da hannunka, su kuma ka ba su sadaka. In ka tashi bayarwa, ka nemi ganin lambar kati da hatimi, ka tambayi sunan malamin da ke kula da su, ka karɓi rasit, kuma in da hali ka bayar tun farkon Sha'aban lokacin da buhu bai tashi ba.