Data Golf a lokacin manyan gasannin ƙwallon lambu: inda lissafinsa ke da amfani da inda yake gazawa

Masu bin ƙwallon lambu, wato golf, a cikin Hausawan Legas ba su kama ƙafar masu bin Firimiya ba, amma suna nan. Akwai 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke buga wasan a Ikoyi Club ko a filin Ikeja, akwai masu fita Lakowe a ƙarshen mako, akwai kuma waɗanda SuperSport ce kawai ta koya musu shi. Da zarar ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu ta kankama, wato Masters a Afrilu, PGA a Mayu, US Open a Yuni, da Open ta Birtaniya a Yuli, musun guda ne: wa zai ɗauka? Allon makin da talabijin ke nunawa ba ya raba wannan gardama, domin wanda ke gaba kawai yake faɗa maka. Ba ya gaya maka wanda ya fi kusa da kofi, kuma sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne.

Shafin Data Golf, wanda wasu 'yan'uwa biyu 'yan Kanada suka kafa, wannan giɓi yake cikewa. Ana buɗe shi a burauzar waya ko kwamfuta. Sashen da ya fi shafar mai kallo shi ne na hasashen kai tsaye. Gaban sunan kowane ɗan wasa za ka ga makinsa, da ramin da ya kai, sannan kaso cikin ɗari na yiwuwar ya tsallake tankaɗen da ake yi don rage 'yan wasa bayan ramuka 36 cikin 72, ko ya ƙare cikin ashirin na farko, ko biyar na farko, ko ya ci gasar. Kwamfuta ce ke ɗaukar ƙarfin kowane ɗan wasa da wahalar ramukan da suka rage masa, ta buga sauran gasar sau dubbai, ta ƙirga sau nawa kowa ya yi nasara. Ana sabunta alƙaluman kusan duk minti biyar. Ka riƙe wannan minti biyar ɗin, za mu dawo kansa.

Inda shafin ya fi burgewa shi ne Alhamis da Juma'a, ranaku biyun farko na gasar da ake kammalawa Lahadi. A waɗannan ranaku ana raba 'yan wasa kashi biyu, masu fita da safe da masu fita da rana, washegari a juya. Wanda ya gama da safe kafin iska ta taso zai zauna a saman allo, wanda ya fi shi iyawa kuwa bai ma ɗaga sanda ba. A gasar Open abin ya fi tsanani, saboda filayen bakin teku ne kuma iska ce ke mulki. A St Andrews a 2010, Rory McIlroy ya buga 63 a ranar farko (a wasan nan mai ƙarancin bugu ne ke gaba), washegari da rana iska ta kama shi ya buga 80. Louis Oosthuizen, wanda ya fita da sassafe a ranar ta biyu, shi ya ci gasar da ratar bugu bakwai. Shafin yana bin yadda kowane rami ke ƙara wahala ko sauƙi a tsawon yini, don haka za ka iya ganin mutum na shida a allo yana da kaso fiye da na ɗaya, kuma in ka duba dalili sai ka same shi: ko dai ya fi ƙarfi tun asali, ko kuma ramuka masu sauƙi ne suka rage masa.

Lissafin tankaɗe ma abin yabo ne. Ƙa'idar ta bambanta: Masters tana ɗaukar 50 na farko da waɗanda suka yi kunnen doki da su, US Open 60, Open da PGA kuwa 70. Da yammacin Juma'a shafin yana nuna makin da layin zai fi yiwuwa ya tsaya a kai. Mai goyon bayan ɗan wasan da ke kan gaɓa zai san ko ya kwanta ko ya ci gaba da ƙona man janareta.

Sashe na biyu shi ne ribar bugu, wanda aka yi wa alama da SG. Mark Broadie na Jami'ar Columbia ne ya kawo wannan ma'auni, kuma PGA Tour, mai shirya gasannin ƙwararru a Amurka, ta fara aiki da shi a 2011. Kowane bugu ana auna shi ne da abin da matsakaicin ƙwararre zai yi daga wuri ɗaya. Misali, daga nisan ƙafa 8 a kan girin, wato lallausar ciyawar da ramin yake ciki, ƙwararru na jefa kusan rabi, su ɓarar da rabi. Ke nan matsakaici bugu ɗaya da rabi ne. In ka jefa da bugu ɗaya ka ci ribar rabin bugu, in sai da biyu ka yi asarar rabi. Shafin ya kasa wannan gida huɗu: OTT bugun farko daga wurin tashi, APP bugun neman girin, ARG gajerun bugu a gefen girin, PUTT mirgina ƙwallo zuwa rami.

Ga yadda ake cin moriyarsa. Daren Juma'a ka jera 'yan wasa goma na sama, ka duba daga ina ribar kowa ta fito. Wanda kusan duk ribarsa daga PUTT take, ka yi hattara da shi. Mirgina ƙwallo shi ne sashen da ya fi saurin juyawa daga rana zuwa rana, kamar cinikin ranar kasuwa guda da ba a yin kasafin shekara da shi. Wanda ribarsa ke APP da OTT, alhali hannunsa bai kama a girin ba, shi ne wanda ya kamata a ji tsoro ranar Asabar. Binciken Broadie ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na fifikon manyan 'yan wasa daga bugun neman girin yake fitowa, mirginawa kuwa kusan 15 ne kawai. Wannan ya saɓa wa abin da yawancin masu wasa a kulob suke faɗa, amma lambobin sun fi su gaskiya. Sai dai a lura, cikakken rabon nan yana samuwa ne inda gasar ke fitar da bayanan kowane bugu.

Wani ƙaramin alheri: jadawalin ƙarfin 'yan wasa na shafin yana haɗa har da 'yan LIV, jerin gasannin da ke gogayya da PGA Tour, irin su Jon Rahm da Bryson DeChambeau, yana auna su da sauran. A 2023 hukumar jadawalin duniya ta ƙi bai wa gasannin LIV maki, sai matsayinsu a can ya daina nuna ainihin ƙarfinsu.

Yanzu ga inda yake gazawa, kuma ba ƙaramin wuri ba ne: ramuka tara na ƙarshe ranar Lahadi. Augusta, inda ake buga Masters, na bayan Legas da awa biyar a watan Afrilu. Rukunin ƙarshe kan tashi wajen bakwai da rabi na dare agogonmu, tsakanin Magariba da Isha'i, su isa ramuka na 11, 12 da 13 wajen ƙarfe goma, a kammala dab da sha biyu. A wannan tsakanin, minti biyar ya ishi gasa ta kife. Ƙwallo zai faɗa ruwa a gaban idonka, shafin kuma yana nan yana nuna tsohon kaso. In a waya kake kallon wasan ta intanet, hoton ma kansa yana iya zuwa a makare, sai ka rasa wanne ke gaba. Mafi sauƙi, daga rami na 10 ka kife wayar, ka riƙa duba ta kawai idan an tafi talla.

Matsalar ta wuce jinkiri. Lissafin ya san matsakaicin makin rami, amma bai san shawarar da mutum zai yanke ba. Rami na 12 a Augusta yadi 155 ne kawai, ƙa'idarsa bugu uku, rafin Rae's Creek na gabansa. Girin ɗin siriri ne kuma a karkace, gefen dama ya fi nisa, kuma can dama ake kafa tuta ranar Lahadi. Iska na kewayawa tsakanin bishiyoyi. Wanda ya nufi tuta, ƙwallon ya gaza da yadi biyu ko uku, zai bugi gangare ya mirgino ruwa. A 2019 mutum huɗu cikin shida na rukunai biyu na ƙarshe suka faɗa: Brooks Koepka, Ian Poulter, Francesco Molinari da Tony Finau, kowannensu ya yi asarar bugu biyu. Tiger Woods ya bar tutar, ya nufi tsakiya ta saman kwarin yashi, ya mirgina sau biyu ya fita da uku. Da bugu ɗaya ya ci gasar, kuma Koepka na cikin waɗanda suka zo na biyu. Babu ginshiƙi a shafin da ke nuna wa zai yi haƙuri. A ramin nan dai Jordan Spieth ya buga 7 a 2016, bayan ya shiga tara na ƙarshe da ratar biyar, Danny Willett ya ɗauke kofin.

Kada kuma a ɗauka cewa taka-tsantsan kullum shi ne daidai. A 2025 McIlroy yana gaba, ya zo rami na 13 na Augusta mai yadi 545, ya ƙi neman girin da bugu na biyu, ya ajiye ƙwallo a gaban rafi. Saura bai kai yadi 90 ba, bugun da yake yi ido rufe, amma ya tura shi ruwa, ya fita da 7. Justin Rose ya buga 66 ya kamo shi, sai da aka je raba gardama a rami na 18 kafin McIlroy ya ci, ya zama na shida da ya haɗa manyan gasannin huɗu. Shawarar ba ta da laifi, hannu ne ya yi rawa. Lissafi yana ɗaukar ɗan wasa na rami na 67 kusan daidai da na rami na 7, kuma duk wanda ya taɓa riƙe sanda ana kallonsa ya san ba haka ba ne.

A yi wa shafin adalci, kuskuren karatu ma na da nasa kaso. In ya ce mutum na da 90 cikin ɗari, cewa yake yi sau ɗaya cikin goma zai faɗi. Greg Norman ya shiga Lahadin Masters ta 1996 da ratar shida, ya buga 78, Nick Faldo ya buga 67. Jean van de Velde ya tsaya a ramin ƙarshe na gasar Open a Carnoustie a 1999 yana buƙatar 6 kawai, ya buga 7, Paul Lawrie da ya fara ranar da bugu goma a baya ya ci. Irin waɗannan ne ɗayan nan cikin goma, kuma faruwarsu ba ta ƙaryata lissafin.

Ta fuskar amfani a waya, shafin rubutu ne da lambobi, ba ya cin data kamar bidiyo. Amma da Turanci yake, jadawalinsa kuma masu faɗi ne, sai ka kwantar da wayar kafin ginshiƙan su fito sosai. Wanda bai san ma'anar alamomin ba zai ruɗe a karon farko, don haka gara a fara saba da shi a wata ƙaramar gasa kafin Afrilu. Gasar Open ta fi daɗin bi da shi daga nan, tunda agogonmu ɗaya ne da na Birtaniya a watan Yuli, ana farawa da sassafe a wuni ana yi.

Akwai sashen da ake biyan kuɗin waje kafin a shiga, kuma babban kaso na kayan cikinsa don 'yan caca aka yi su, masu kwatanta farashin kamfanonin fare. Wannan ba hanyarmu ba ce, kuma mai son fahimtar wasa ba ya buƙatarsa. Abin da ake gani kyauta ya wadatar da mai kallo. Wanda zai iya samun dalilin biya shi ne mai koyar da wasa ko mai sharhi, wanda ke son tono tarihin ribar bugun ɗan wasa shekara da shekara, ko duba irin filin da ya dace da salon bugunsa.