Bayan Aikin CS: Panadol da Diclofenac, Ko a Sayo Tiramadol?

Wata ƙanwarmu daga Jos ta yi tambaya. Kwana biyar ke nan da yi mata aikin CS, wato tiyatar ciro jariri, an sallame ta da paracetamol da diclofenac, amma ɗinkin yana cizonta duk lokacin da za ta tashi zaune. Maƙwabciyarta ta ce ta aika kemis a sayo tiramadol, wai shi ne mai ƙarfi. Wanne ya fi?

Barka da sauka lafiya ƙanwata, Allah ya raya. A gaskiya abin da asibiti suka ba ki ya fi miki, ya kuma fi wa jaririn.

Mu fara da na hannunki. Paracetamol, wato Panadol, babba yakan sha ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk bayan awa 6, kada a wuce ƙwaya 8 a kwana guda. Diclofenac da ibuprofen kuwa kumburi suke ragewa, shi ya sa suke maganin raɗaɗin ɗinki da kuma murɗar marar nan da ke tasowa lokacin shayarwa, sa'ad da mahaifa ke komawa mazauninta. Aikinsu ya bambanta da na Panadol, don haka ake haɗa su. Abin da ke shiga nono daga cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Inda masu jego da yawa ke kuskure shi ne jiran sai ciwo ya yi tsanani kafin a sha. A makon farko da agogo ake sha, ko da ciwon ya lafa. Sau da yawa wadda ta ce maganin ba ya mata aiki, idan aka bincika, sau ɗaya take sha a rana.

Suna da nasu sharaɗin. Diclofenac da ibuprofen 'yan gida ɗaya ne, ɗaya ake sha, ba duka biyun ba, kuma bayan an ci abinci. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai asma, wadda ta zubar da jini sosai ko ta yi fama da hawan jini lokacin goyon ciki, sai likita ya amince. Ga kuma sanyin Jos da ke sa mutane shan maganin mura: yawancinsu akwai paracetamol a ciki, a duba kwalin kada a ninka.

Tiramadol fa? Ba a musun ƙarfinsa. Sai dai a ƙwaƙwalwa yake aiki, yana zuwa da jiri, tashin zuciya, barci da taurin bayan gida. Mace mai sabon ɗinki ba ta buƙatar yin yunƙuri a bandaki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jaririn. Hanta ce ke juya tiramadol da ɗan'uwansa kodin su koma sinadari mafi ƙarfi, kuma hantar wasu mata tana yin haka da sauri fiye da ƙima, ba tare da sun sani ba. Sai ya bi nono, jariri ya yi ta barci, ya kasa tsotso, numfashinsa ya yi ƙasa. A gida kuwa sai a ce yaron nan ba shi da rigima. Saboda haka ne a 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada mai shayarwa ta sha ɗaya daga cikin biyun. A nan gida ma, a 2018 gwamnati ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin saboda yadda ake shaye-shaye da shi. Tiramadol ɗin da ke yawo a bayan fage har da mai miligiram 225, alhali na asibiti 50 ne ko 100. Yana sa jaraba, yana iya jawo farfaɗiya.

Allurar rage ciwo ta pentazosin da ake yi a ranar farko bayan aiki daban ce, a gadon asibiti ake yin ta, nas na lura da uwa da ɗa.

Idan kin sha naki a kan lokaci kuma ciwon ƙaruwa yake, ba ƙarin ƙwaya kike buƙata ba, asibiti za ki koma, ko JUTH ne, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko inda aka yi miki aikin. Haka ma idan akwai zazzaɓi, ko ɗinkin ya yi ja yana ruwa ko wari, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ciwon kai da gani dishi-dishi. Ciwon kan da ke tsananta in an tashi zaune, ya lafa in an kwanta, yakan biyo allurar kashe zafi da ake yi a gadon baya lokacin aiki, shi ma a faɗa wa likita.

Don Allah Hajiya da ke yi miki wankan jego kada ta watsa tafasasshen ruwa ko ta buga ganye a kan ɗinkin. A wanke a hankali, a tsane shi ya bushe. A yi hattara da kunun kanwa, domin gishirin cikinta yana ɗaga jini. In za ki tashi, ki juya gefe tukuna ki dogara da hannu. In tari ko atishawa ta zo, ki danna filo a kan marar. Ki riƙa ɗan zagaya tsakar gida, yana sakin iskar ciki, yana kuma hana jini daskarewa a ƙafa.